Mutumin da Ya Nuna wa Jirgi Garinmu

Kawu ya amsa kiran da ke jiran kowa ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinsa na haya a nan Garuwa. Mai abu ya karɓi abinsa. Sahu biyu muka yi a kan gawarsa, na biyun ma bai kai ƙarshe ba. Na ƙirga, don ba su da wuyar ƙirgawa.

Tabarma huɗu aka shimfiɗa a gindin dalbejiyar ƙofar gidan. Biyu wuni suka yi ba kowa a kai. 'Yan moto, masu haya da babur, da ke tsayawa a bakin layin suka aiko ɗayansu ya ji wa aka rasa. Aka ce masa tsohon nan mai hotuna. Ya ce, "Wanda ke tsayawa tsakiyar titi yana kallon sama? Ayya! Sau biyu ina kusan kwashe shi." Ya shafa fatiha ya koma bakin aikinsa. Liman ya ce shi dai bai taɓa jin mamacin ya yi faɗa da kowa a unguwa ba. Gaskiya ya faɗa. Ai sai ana yi maka magana kake faɗa.

Rana ta biyu Baffa ya zo, ƙanin mahaifina, yana dogara sanda. Ya zauna a bakin tabarma, ƙafafunsa a waje, bai cire takalmi ba.

Ya ce, "Ashe an yi rashi."

Na ce, "An yi, Baffa."

"To. Yanzu ya je ya tarar da mutanen da ya sa wa ruwa a kai. Sai ya yi musu bayani."

Ban ji ya ce Allah ya jiƙansa ba, kuma na kasa kunne.

Akwai wani tsoho da ke zaune can gefe a kan dutse, ya ƙi hawa tabarma tun safe. Kirista ne, mutumin Poli, abokin aikin Kawu na da. Da ya ji labari ya shigo mota ya taho. Shi ne ya miƙe, yana riƙe da hularsa a hannu.

"Baba, ka yi haƙuri, ni baƙo ne. Amma kai ka taɓa zuwa ka gaishe su? Shi kowace shekara yana zuwa. In azuminku ya kusa sai ya aiko mini, mu tafi Lagdo, mu shiga kwalekwale. Ya duba takardarsa, ya duba duwatsu, ya ce wa mai tuƙi, tsaya nan. Sai ya yi addu'a irin taku, yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Ni ruwa nake kwashewa. Har sunan mamarka na riƙe."

Baffa ya lalubi sandarsa ya tafi. Ni kuwa ranar na fara jin wannan magana.

Ni ba marubuci ba ne. Aji huɗu na yi na bar makaranta. Kafinta ne ni, rufin kwano nake yi, kuma gwiwoyina sun fara gaya mini cewa ya isa. Na zauna rubuta wannan ne don na ga yadda aka naɗe tabarmin nan ran sadakar uku, kamar ba a yi mutum ba.

Kawu wan mahaifiyata ne. Da ni da shi da Baffa duk 'yan gari ɗaya ne, wani ɗan ƙauye a bakin Binuwai, gabas da nan. Kakanninmu fatake ne da suka zo daga ƙasar Hausa da jakuna, suka sauke kaya a wurin, ba su ƙara ɗauka ba. Yau garin yana ƙarƙashin ruwan baraj, wato madatsar ruwan Lagdo. Ba wanda ya nutse. An gaya mana da wuri, an kwashe mu, kowa ya ɗauki tukunyarsa da ƙyauren ɗakinsa. Kabari ne ba ya ɗaukuwa. Inna mahaifiyata tana can, da kakata, da kishiyarta uwar Baffa.

Tun yana saurayi Kawu ya samu aikin lebura a biro, wato ofishin masu awon ƙasa. Ga yadda aikin yake. Kafin jirgi ya tashi ya ɗauki hoton ƙasa daga sama, sai an tura mutane daji, wuraren da mai awo ya auna ya kafa turke. Su share ciyawa, su jera duwatsu a gicciye, kowane hannu ya fi tsawon mutum biyu a kwance, su shafe su da farar ƙasa. In hoto ya fito, wannan farin gicciyen shi ake nema, daga shi ake auna sauran. Shi ke nan aikin: buhun farar ƙasa, bokiti, tsintsiya, da tafiya a rana. Sun yi shi a ƙasar Poli, sun yi a hanyar Maruwa, sun yi a kan duwatsun da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta hau.

Wata rana turken ya faɗo a kan dutsen da ke bayan garinmu. Kawu ya yi murna, ya ce aiki ya kawo shi gida. Ya zana gicciyensa, jirgi ya wuce sau uku da walaha, yara suka bi shi da gudu. Shekara ba ta fi huɗu ba aka zo aka ce a tashi, ruwa na zuwa.

Ban san bakin da ya fara faɗa ba. Amma kafin a gama kwasar kaya magana ta zauna: shi ya nuna wa jirgi garinmu. Da bai zana ba, da ba su gan mu ba. Ga shi kuma gicciye ya zana, ba wani abu ba, a garin Musulmi. Babana ya yarda da haka har ya mutu. Ni ma na tashi da shi kamar yadda mutum ke tashi da sunansa.

Da aka watse, wasu suka bi bakin ruwa suka koma kamun kifi, mu muka shigo Garuwa. Kawu ya zauna a unguwa ɗaya da mutanen garinsu shekara arba'in da ɗoriya, ba a gayyatarsa suna, ba a ba shi goron ɗaurin aure. In ya yi sallama a majalisa sai a amsa, sai kuma hira ta mutu har ya tashi. Matarsa ta riga shi tafiya da daɗewa. 'Yarsa ɗaya tana aure a Maruwa.

Daga baya ya bar daji ya zama masinja a biro ɗin, yana share tebura yana ɗauko fayil. A nan ya koyi karatun hoto, da tsayuwa a bayan masu ilimi. Harafi ko ɗaya bai sani ba, na boko ko na ajami. Amma a ba shi hoton sama, sai ya gaya maka wannan gonar auduga ce, wannan dawa ce, wannan rijiya ce da aka daina sha. An ce har sababbin ma'aikata kan kira shi a ɓoye su tambaye shi. Da biro ta koma aiki da kwamfuta aka fito da tsofaffin hotuna za a zubar, sai ya roƙa, aka ba shi akwati ɗaya. Da shi ya yi ritaya.

Abin da mutane ba su sani ba, Kawu bai taɓa shiga jirgi ba. Sau ɗaya aka yi masa alkawari. Ya sa rigar sallarsa ya tafi filin jirgi, aka ce kayan ɗaukar hoto sun yi nauyi, ba wurin mutum ɗaya. Ya dawo a ƙafa. Duk abin da ya sani na sama, a takarda ya gani. Amma ko yana tsakiyar alwala ya ji ƙarar jirgi sai ya ɗaga kai, ya bi shi da ido har ya ɓace, sannan ya ce, "Wannan fasinja ne, ba ya ganin komai."

Kada ka tambaye shi hanya. Wani baƙo ya taɓa tambayarsa hanyar babbar kasuwa, sai ya ce masa, "Ka ga inda kogi ya lanƙwasa kamar gwiwar hannu? To, rufin da ya fi kowanne tsatsa, arewa da shi." Mutumin ya dube shi, ya tsayar da moto.

Ni kuwa sunana a bakinsa Kafinta. Yana cewa, "Kafinta, ka yi hankali. Mai gini ba a ganin aikinsa daga sama, mai fenti ma haka. Naka kaɗai ake gani. In layin kwanonka ya karkace, jikokin mai gidan za su gani." Yana kuma cewa daga sama ba a gane gidan malami da na ɓarawo, amma ana gane wanda ake zuwa wurinsa. Hanyar ƙafa fari take fitowa a hoto. Inda ake yawan bi, tana haske. Inda aka daina bi, ciyawa ta rufe. Ya ce da wannan yake sanin su wa ke shiri a gari, ko bai taɓa taka garin ba.

Ƙofar ɗakinsa kuwa, in damina ta yi, sai ya sa fartanya.

Faɗanmu ranar jana'izar babana ne. Babana a ciwonsa na ƙarshe ba abin da yake maimaitawa sai a kai shi kusa da Inna. Ina za a kai shi? Muka binne shi a nan, a maƙabartar da ba ya da kowa. Muna dawowa na hangi Kawu yana cire takalmi zai hau tabarma. Zuciya ta ɗebe ni. A gaban mutane na ce, "Ka zo ka zuba masa farar ƙasa shi ma?"

Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya ce, "Kafinta, ni ban iya yin ruwa ba. Buhu aka ba ni na ɗauka." Ya mai da ɗayan takalmin ya tafi. Wasu a wurin suka jinjina mini kai, na ji kamar na yi wani abin kirki.

Shekara goma sha ɗaya ban gaishe shi ba. Unguwa ɗaya, masallacin Juma'a ɗaya. In na hango shi sai in sake layi.

Shekara uku da suka wuce na faɗo daga kan wani sito da muke rufewa, ƙugu ya karye. Daga lofital, wato asibiti, aka dawo da ni gida, wata huɗu ina kwance. Makon farko ɗaki cike da 'yan dubiya. Na uku, daga matata sai ƙuda. Wata safiya na ji sallama, sai ga Kawu da leda a hannu. Bai ambaci abin da ya wuce ba, ni ma kunya ta hana ni.

Ya ce, "Kafinta, an ce ka gwada tashi sama ba jirgi."

Na ce, "Saukar ce ta ba ni wahala, Kawu."

Ya yi dariya har da tari. Ya jawo faranti ya kife a kan cinyata, ya fito da hotuna biyu, baƙi da fari, kowanne kamar faɗin murfin kwano. Ya jera su gefe da gefe. Ya fito da wani tabarau mai ƙafafu huɗu na ƙarfe, ya tsayar a kansu. Ya ce hotunan wuri ɗaya ne, jirgi ya ɗauki na farko, ya ɗan matsa ya ɗauki na biyu. In ido ɗaya ya kalli wannan, ɗaya ya kalli wancan, sai ƙasa ta tashi tsaye.

Na leƙa. Na ce, "Wannan ƙaton ramin fa?"

"Ba rami ba ne, dutsen bayan gari ne. Kai ka kife shi. Juya su, inuwa ta faɗo wajen ƙirjinka. In inuwa ta guje ka, dutse rami yake zama."

Na juya. Na daɗe ban ga komai ba sai hazo, idona na ruwa. Can sai abin ya haɗe. Dutse ya taso kamar zai taɓa mini hanci. Ga gicciyen a kansa, ɗan ƙarami, fari fat. Ga kogi, siriri, da yashinsa a waje. Ga bukkoki kamar an kife ƙwarya, ga rumbuna, ga tsamiyar bakin masallaci da inuwarta. Ina ɗan shekara tara na bar garin nan. Na ɗauka na manta shi.

Ya miƙo mini tsinken tsintsiya. Ya ce in fara daga tsamiya, in bi hanyar da ta yi gabas, in ƙirga gida uku. Na bi. A tsakar gida na ukun akwai wani farin ɗigo, bai kai ƙwayar gero ba.

Na ce, "Nan ma ka zuba?"

Ya ce, "A'a. Uwarka ce."

Ya ce da ya zo zanen gicciye, gidanmu ya fara leƙawa. Ya gaya wa Inna jirgi zai wuce ran Alhamis da walaha, kuma farin abu kaɗai ke fitowa sosai. Ta ce to ita ma sai an gan ta. Ta kwaso duk farin da ke gidan, mayafinta, zanen gado, rigar Juma'ar babana. Ta ga bai isa ba. Sai ta shiga ɗakin kakata ta ɗauko farin yadin da tsohuwar ta ajiye a ƙasan tukunya don likkafaninta, ta shimfiɗa shi a tsakar gida, ta danne da duwatsun murhu. Kakata ta fito ta gani, ta bi ta da muciya tana cewa, "Ja'ira! Tun ban mutu ba za ki shanya ni?" Inna na dariya tana zagaya rumbu, jirgi ya wuce.

Sannan Kawu ya ce, "Daminar shekarar zazzaɓi ya ɗauke uwarka. Ba wani yadi a gidan sai wannan. A cikinsa aka sa ta."

Inna ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Fuskarta ta daɗe da ɓace mini. Na danna idona a tabarau har ƙarfen ya yi mini shaida a goshi. Na ce, "Kawu, ga wani ɗan baƙi kusa da rumbu. Ita ce?"

Ya ce, "Inuwar turmi ce. Ba a ganin mutum daga nan. Kada ka ce ka gan ta. In ka fara ganin abin da babu, ka ɓata hoton."

Haka yake. Ko don ya faranta wa gurgu rai ba zai ƙara ɗigo ɗaya ba.

Na tambaye shi me ya sa bai taɓa nuna mini ba. Ya ce, "Babanka ya ce kada in ƙara ambaton ta a gabanka. Da ya tafi, kai ka karɓi aikin."

Daga ranar kullum yana zuwa da walaha, sai azahar ya tafi. Gidajen garin sittin da biyu ne, ya san kowanne: na jauro mai gari, na mai ƙira, na mahauta, na matar da ke saida daddawa. Yana nunawa da tsinke yana sa ni maimaitawa kamar ɗan makarantar allo. Ni kuma in ya kau da kai sai in koma kan farin ɗigon. Gida goma sha huɗu na riƙe. Sai ƙugu ya warke, aiki ya kira, bakuna na jiran abinci. Na ce masa za mu ƙarasa. Ya ce, "To, Kafinta."

Ina zuwa gaishe shi bayan haka, ban yanke ba. Amma a tsaye, hular aiki a kaina. Mako uku kafin rasuwarsa ya riƙe mini hannu ya ce in zo ran Juma'a bayan masallaci mu gama yammacin gari, akwai kuma wani abu na duwatsu da yake so ya nuna mini. Ran Juma'ar ina kan wani rufi a hanyar Maruwa. Ba wanda ya tilasta ni. Na ga dai tsohon yana nan, ina za shi?

Bayan sadakar bakwai 'yarsa ta ce za ta share ɗaki ta mai da wa mai gida mabuɗi. Taubashiyata ce, ba ma magana sai da tsokana. Kayansa ba yawa: tabarma, buta, riguna uku, rediyon da ba ya yi. Ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, gara ta ci gindinsa.

Ta ce, "Kai bawa, zo ka ɗauke wa uwargijiyarka wannan ka kai bola. Ko mai ƙosai ba za ta karɓa ba, takardar ta yi tauri."

Na ce, "Ke da ba ki san gabas ba sai an nuna miki, me kika sani a ciki?"

"Na san shi ya hana ubana zama cikin mutane." Ta daina dariya. "Tun ina yarinya ake ce mini 'yar mai gicciye. Ba na son ganinsa. Kuma ai komai yana cikin waya yanzu."

Ta fito da wayarta, ta buɗe taswirar nan da ake gani daga sama, ta ja da yatsa har Lagdo. Shuɗi ne kawai, shimfiɗe. Ta ce ta taɓa nuna wa Kawu, ya duba ya ce, "Wannan yau kaɗai ya sani."

Na ɗauki akwatin a ka, kamar yadda bawa ya kamata. A gida na juya bayan hotunan ɗaya bayan ɗaya, ko ya sa wani ya rubuta masa wani abu. Ba komai sai lambobin biro. Duk a kansa yake, kan kuma mun rufe shi da ƙasa.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, na ji sanda na ƙwanƙwasa ƙofa. Baffa ne. Wannan karon ya cire takalmi. Muka gaisa, ya tambayi ƙugu, ya tambayi yara, ya tambayi zafin bana. Sai da tambaya ta ƙare masa ya ce, "An ce takardun suna wurinka."

Na jera masa hotunan, na juya inuwa wajen ƙirjinsa, na tsayar da tabarau. Ya sunkuya ya daɗe. Ya ɗago ya ce, "Hayaƙi kawai nake gani." Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, abin kuwa sai da ido biyu.

Ya ce, "Kai duba mini. Ina gidanmu?"

Ba ya cikin goma sha huɗun da na riƙe. Yammacin gari yake. Na ga tsoho ne, ba ya gani, ko'ina na ɗora tsinke zai yarda. Har na ɗaga hannu. Sai na ce, "Ban sani ba, Baffa. Ranar da zai nuna mini ban zo ba."

Can ya rufe idanunsa ya ce, "Tsaya a bakin masallaci, ka ba tsamiya baya."

Na sa tsinke. Na ce, "Na tsaya."

"Ka yi yamma. Akwai rijiya a hannun dama."

"Ga ta."

"Wuce ta. Gidan mahauta, shingensu ya shigo hanya, kullum ana faɗa a kai."

"Ga shingen, ya shigo."

"Ɓarayin hanya! Ka kewaye. Gida na gaba mai rumbu biyu, ɗaya babba ɗaya ƙarami."

"Rumbu biyu, Baffa."

Ya ce, "Nan ne." Muryarsa ta sauka. Ya sa na kama yatsansa na ɗora a wurin.

Haka muka yi ta yi. Shi yana tafiya a ƙasa da ido rufe, ni ina binsa daga sama. Na ɗauko littafin da nake rubuta awon katako, na fara sa suna. Wani wurin ya ce dama, hoto ya ce hagu, mu yi gardama, ya ce hoton ne ya yi kuskure. Muka samu gida ashirin da biyar a kan nawa.

Sai na ga wani abu. Na ce, "Baffa, akwai hanya daga bayan gidanku. Ba ta bi ta masallaci ba, ba ta bi ta rijiya ba. Ta ratsa gonar kuɓewa ta miƙe gabas. Duk garin ba wadda ta kai ta haske."

Bai tambaye ni inda ta nufa ba. Na bi ta da tsinke duk da haka. A ƙofar ɗakin Kawu ta tsaya.

Baffa ya daɗe yana murza kan sandarsa. Ya ce, "Tare aka yi mana kaciya. Kwano ɗaya muke ci har ya tafi aikin nan." Ya numfasa. "Jakina ne ya hau da farar ƙasar kan dutse. Ni na ɗebo ruwan da aka dama ta. Hannu ɗaya na gicciyen ma ni na shafa, don ya ce in gwada."

Na ce, "Mutane sun sani?"

"Shi kaɗai. Da magana ta tashi na jira ya faɗa. Bai faɗa ba. Ni kuma na ga an riga an samu wanda za a ɗora wa."

Ban ba shi haƙuri ba. Ba ni da bakin yi, don tabarmar da na kori Kawu a kai ba ta fi ta Baffa tsabta ba. Muka zauna muna jin motocin auduga na wucewa a titi.

Da zai tashi ya ce, "In azumi ya kusa, za ka iya tsayar da kwalekwale a kan maƙabarta?"

Na ce, "Ga maƙabartar a hoto, arewa da dutse. Amma yadda yake haɗa duwatsun da suka rage a sama da ruwa har ya gane wurin, wannan ya tafi da shi. Mutumin Poli ma ya ce bai sani ba."

Ya gyaɗa kai. Ya sa takalmi ɗaya, ya tsaya. Ya ce, "Allah ya jiƙan abokina." Ya faɗi sunan Kawu na yarinta, wanda ban taɓa ji ba. Ba kowa a wurin sai ni.

Gida ashirin da uku sun rage ba suna. Na zagaya wurin tsofaffin garinmu da suka saura, ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba, biyu ma ba sa gane mutane. Na nuna wa 'yata farin ɗigon. Ta leƙa, ta ce, "Ayya, Baba," wayarta ta yi ƙara ta fita. Ban ga laifinta ba. Ni ma haka na yi, da furfurata.

Allah ya yi wa Kawu rahama, ya yalwata masa makwanci, ya sa masu zuwa wurinsa a can su fi na nan yawa. Ya yafe mana abin da muka ɗora masa.

Wannan takarda a cikin akwatin zan sa ta, a saman hotunan. Kai da ka buɗe, ko wane ne kai, kada ka kai bola. Ɗauki biyun da na ɗaure da zare. Ka juya su inuwa ta faɗo wajen ƙirjinka. Gicciyen da ke kan dutse mutum biyu suka shafa shi, kuma ba shi ya kawo ruwa ba. Ka fara daga tsamiya, ka yi gabas, ka ƙirga gida uku. Farin da za ka gani a tsakar gida uwata ce ta shimfiɗa. Baƙin da ke kusa da rumbu inuwar turmi ce.